Rakiyar Komakech

Yanzu idan baƙi suka tambayi 'yan kwamitinmu yadda aikin gidan yari ya fara a cocinmu, sai ka ji suna cewa wai wahayi aka yi wa dattawa. Ƙarya suke yi, kuma a gaban idonsu nake faɗa. Ni Lakot ina wurin, ban ga wahayi ba, jini na gani.

A lokacin, abin da muke kira aiki shi ne mu 'yan zumuntar mata mu ɗaura kallabi iri ɗaya ranar Lahadi, mu bi malamin cocinmu, Lapwony Ocitti, zuwa gidan yarin gari. Mu yi waƙa, mu raba sabulu, mu dawo muna jin mun sallami Allah na mako guda. Ocitti ɗan siririn mutum ne mai tsoron tsiya, ko zakara ya taso masa sai ya kauce hanya. Amma yana da daɗin murya, kuma fursunoni suna sonsa.

A cikinsu akwai Komakech. Tun yana saurayi ya rotsa kan wani mai suna Nyeko da ƙotar fartanya a wurin shan giya, aka ɗaure shi har furfura ta fara leƙo masa. Ocitti ne ya yi masa baftisma a cikin rabin duro a tsakar gidan yarin. Ranar da aka sake shi, bai nufi ƙauyensu ba, coci ya zo ya same mu muna shara.

"Lapwony, ka raka ni gida," in ji shi.

Ocitti ya yi dariya. "Kai da gidanku? Kotu ta gama da kai, Yesu ya wanke ka. Me ya rage?"

"Kotu ba ta sha oput da dangin Nyeko ba, Lapwony. Kilama yana nan da ransa."

Gaskiyarsa. A wurinmu jini ba ya kwanciya don alƙali ya yanke hukunci. Sai dangin biyu sun durƙusa sun sha oput, ruwan saiwar nan mai ɗaci, a ƙwarya ɗaya, kafin nan ko rijiya ba sa haɗawa. Kilama kuwa ƙanen Nyeko ne, yana yaro aka kawo gawar wansa a kan ƙyauren ɗaki.

Sai ga Ocitti da dabara irin ta matsoraci. Wai a tafi da yawa, da ganga da waƙa, ba wanda zai taɓa mutum a tsakiyar jama'ar Allah.

Na jefar da tsintsiya. "Lapwony, kanka ɗaya kuwa? Hanyar nan ta bayan gidan su Nyeko ta bi. Kabarinsa yana tsakar gidan. Rawa za mu je mu yi masa a ka?"

"Lakot, ke kam bakinki ba ya hutawa. Ɓataccen ɗa ne ya dawo, dole a yi murna."

"Ɗan wasu fa bai dawo ba."

Ba wanda ya saurare ni. Aka aika wa uwar Komakech, washegari da hantsi muka ɗauki hanya. Na bi su ina ƙunƙuni, don ban iya zama in ji labari a bakin wasu.

Min Komakech, wato uwar tasa, baiwar Allah, ita ma ta ƙara wa wutar itace. Ta yanka akuya, ta tuƙa tuwon tamba, tun daga nesa muna jin guɗarta. A bakin gidan ta ajiye ɗanyen ƙwai a ƙasa, wanda duk wanda ya daɗe a waje yake takawa kafin ya shiga, don ya bar abin da ya kwaso a baya. Komakech ya tsaya yana kwance igiyar takalminsa. Yana sunkuye suka fito daga cikin gonar rogo.

Samari ne majiya ƙarfi, da kulake da duwatsu, Kilama a gaba da adda. Dutsen farko mai ganga ya samu a baki, ta zube tana tofar da haƙora. Jama'ar Allah kuwa kafin ka ce me, sai kallabi a warwatse cikin ciyawa, kowa ta kama gabanta.

"Akuya kuka yanka?" Kilama yana ihu. "Wana yana cikin ƙasa kuna cin nama? Yau za ku ci na ɗanku!"

Suka rufe Komakech. Kulki ya sauka a bayansa, wani a gwiwa, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen kara. Bai rama ba, kansa kawai ya rufe da hannuwa. Uwarsa ta ruƙunƙume ƙafar ɗaya daga cikinsu, ya yi ƙwallo da ita ta faɗa kan murhu. Na rarumi muciyar tuwo na kwaɗa wa wani a kunne, shi kuma ya ba ni gwiwar hannu a ido, har yau idon nan ba ya gani sosai. Ina ƙasa na hango Kilama ya ture 'yan uwansa, ya ɗaga adda da hannu biyu.

Wallahi na ɗauka Ocitti ya kai coci da gudu tuntuni. Ashe yana nan tsaye, wandonsa a jiƙe da fitsari. Bai yi wa'azi ba. Tahowa kawai ya yi ya kwanta a kan Komakech, yadda kaza take yi wa 'ya'yanta.

Addar ta riga ta taho. Ta shige tsakanin wuyan Ocitti da kafaɗa, ta maƙale. Kilama ya ja, ta ƙi fita, ya sake ta ya ja da baya. Jini ya yi tsartuwa har kan farar rigar Kilama. Samarin suka dubi juna, suka zubar da kulake suka shige rogo. Kilama kaɗai ya tsaya, baki buɗe.

Na cusa zanena a cikin raunin, jinin yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Ocitti ya dube ni ya ce, "Lakot, yana numfashi?" Na ce yana yi. Muka ɗora shi a kan keke, ba mu kai bakin titi ba ya cika.

'Yan sanda suka tafi da Kilama, aka kai shi gidan yarin nan dai da Komakech ya baro. Komakech kuwa bai shiga gidan uwarsa ba, don da ya kwana a ƙauyen da ba a wayi gari da shi ba. A ɗakin ajiyar coci muka shimfiɗa masa tabarma tsakanin karyayyun bencina. Ɗakin nan ne yau ake kira masaukin waɗanda aka sako, har an yi masa fenti.

Zumuntar mata ta daina zuwa gidan yari, ni ce ma kan gaba. Na rantse ba zan buɗe baki in yi wa karen nan waƙa ba. Na tsani Kilama, kuma in faɗi gaskiya, shi ma Komakech ba na son ganinsa, don duk sanda na kai masa abinci mutumin da ya kwanta a kansa nake tunawa.

Ranar da ya fara iya tsayawa da sanda, ya ce, "Yaya Lakot, kai ni wurinsa."

"Wurin wa? Dukan ne ya taɓa maka ƙwaƙwalwa?"

"In ba ki kai ni ba, zan ja ciki in je."

Na kai shi, ina zaginsa tun daga coci har ƙofa. Gandiroba ya fito da Kilama bayan waya. Ya rame, an aske masa kai, leɓensa a fashe, don fursunonin da Ocitti yake yi wa waƙa sun karɓe shi da hannu biyu tun ranar da ya shiga. Yana ganin Komakech ya tofa masa yawu ta cikin wayar.

"Dariya ka zo yi, mai kisan kai?"

Komakech ya goge fuska da hannun riga. "Mu biyu ne yanzu. Ka saurara, lokaci kaɗan ake bayarwa. Kada ka kwanta kusa da bokitin bahaya, a nan suke tare mutum. Akwai wani tsoho Oloya a ɗakinku, ka ce ni na aiko ka, zai hana su. In an ba da wake, ka ci ko da ƙwari, kada ka yi zuciya."

Kilama ya zazzage shi, ya zagi uwarsa, ya zagi danginsa kaf. Komakech yana jingine da sanda har Kilama ya gaji da zagin. Gandiroba ya buga ƙarfe, ya kama hannun Kilama zai mayar da shi. Sai Kilama ya riƙe wayar da yatsu, ya matso da fuskarsa, muryar ta koma ta yaro.

"Kai... wana yana zuwa maka cikin dare?"

"Kullum."

"Malamin nan ba ya barina in rufe ido. Ba ya ma faɗa. Tambayata kawai yake yi, wai yana numfashi?"

Komakech ya gyara tsayuwa a kan sandar.

"Ba zai daina ba," ya ce. "Ranar Lahadi zan dawo in gaya maka yadda ake zama da shi."