Sarauniyar da Ta Yi wa Ubanta Takwara

Da waya ta zo cewa 'yarta Nadia ta sauka, an samu namiji, Mma Asmawu tana tsakiyar shafa wa wata tsohuwar Baturiya mai a ƙafa, a gidan kula da tsofaffi inda take aiki a Ardwick. Guɗar da ta rangaɗa sai da ta tashi tsofaffi uku daga gyangyaɗi. Washegari da sassafe tana cikin jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham da jaka biyu, ɗaya ta kayan sawa, ɗaya ta yajin jego da kanwa da gero, don ita ba ta yarda da jegon shayi da biskit ba.

Farin ciki fal cikinta, amma akwai abu guda da ke damunta. Mahaifinta, Malam Abdulkarim, wanda kowa ke kira Karimu, ya rasu a Kumasi shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin ba ta da takardun da za ta je ta dawo. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta yi zaman makoki ba. Allah bai ba ta ɗa namiji ba, cikin 'yan'uwanta kuma babu wanda ya yi wa tsohon takwara. Wannan jariri shi ne namiji na farko a zuriyarta. To amma suna na uba ne, kuma mijin Nadia, Zaid, injiniya ne ɗan Kano wanda mahaifinsa Alhaji Bara'u yana nan da ransa. Wace suruka ce za ta buɗe baki ta roƙi suna a wurin mijin 'yarta? Ai sai labarin ya riga ta isa Kumasi.

A ɗan gidansu na Selly Oak, Nadia, autarta, tana digiri na uku a fannin tarihi, karatun da Mma Asmawu ba ta taɓa gane amfaninsa ba. Kwana biyu da haihuwa, Mma Asmawu tana gasa wa jariri cibi, sai idonta ya kai kan wata faffaɗar takarda a bango, cike da sunaye da layuka suna saukowa.

"Wannan kuma dangin wa kika rataye mana?"

"Family tree ne, Mma. Na Margaret, sarauniyar Scotland, kusan shekara dubu da suka wuce. A kanta nake thesis ɗina. A Hungary aka haife ta, iyayenta suna gudun hijira. Suna isowa England babanta Edward ya rasu. Da aka ci ƙasar da yaƙi suka sake gudu, suka faɗa Scotland, sarki Malcolm ya aure ta. 'Ya'ya takwas."

"Takwas! Mace ke nan. Karanto mini su."

In dai lissafin dangi ne, an zo gidan Mma Asmawu. Ita ce ke warware wa mutanen zango wanda ya haifi wane har kaka na biyar. Nadia ba ta gama karanta na uku ba, uwar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Edward ɗin nan na fari, ba sunan da kika faɗa ɗazu ba ne?"

"Sunan babanta ne. Edmund kakanta, Ethelred kakan babanta, Edgar kuma ɗan'uwanta."

Mma Asmawu ta ajiye tsumman gashi. "Maza huɗu a jere, duk danginta? Kuma sarkin yana zaune ya yarda?"

"Ya yarda. Historians suna cewa politics ne, don jininta na sarautar England ne."

"Politics ɗin gidansu! Yarinya a ƙasar mutane, ba uba, ba gida, kewa ta ishe ta, miji ya duba ya tausaya. Wannan sarki ɗan halak ne!"

Nan take dabara ta faɗo mata. Abin da baki ba zai roƙa ba, hannunka-mai-sanda zai iya. Ta san an riga an yi wa yaro huɗuba a asibiti, uban ya ɓoye sunan, amma muddin ba a raɗa ba ai da sauran magana.

Daga ranar babu mai shiga gidan nan barka ya fita bai ji labarin sarauniyar Scotland ba. Matan likitoci sun ji, maƙwabta sun ji. Alice, ungozomar da ke zuwa duba mai jego, ta sha nata da Turanci, tana riƙe da ma'aunin jariri ba halin gudu. Kullum kuma sai Mma Asmawu ta daidaici lokacin da Zaid ke kicin, bango ɗaya tsakaninsu, sannan ta ɗaga murya. Sarki Malcolm kuwa kullum ƙara kirki yake. Ran Talata mai tausayi ne, ran Laraba ya zama adali, kafin Alhamis Mma Asmawu ta kusa kai shi Makka.

"Mma, wannan ba ya cikin sources fa," in ji Nadia, tana danne dariya.

"Ke sha kununki. Ke kika san mazan da?"

Zancen gizo dai ba ya wuce na ƙoƙi. Shi kuwa Zaid, bawan Allah, sai ya durƙusa ya gaishe ta, kai a ƙasa, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki. Ko gezau.

Ana gobe suna ta jiyo shi a waya da mahaifinsa, yana cewa, "To Alhaji, yadda ka ce haka za a yi." Ta koma kicin ta ci gaba da suyar cincin, ta ce wa ranta Bara'u ma suna ne mai kyau, kuma yaro dai nata ne ko wane suna ya ci. Ta faɗa sau uku, ran bai yarda ba. Ranar ko sau ɗaya ba ta ambaci sarauniya ba.

Safiyar suna gida ya cika har matakala. Maza a falo, mata a kicin da ɗakin mai jego, ana miƙa dabino da goro ta saman kawuna. An jingina waya a kan tebur, ga Alhaji Bara'u daga Kano, ga rago a bayansa yana jiran wuƙa. Mma Asmawu tana tsaye bakin ƙofa da faranti a hannu. Liman ya yi salati, ya yi gyaran murya.

"Sunan yaro Abdulkarim. Allah ya raya shi."

Farantin ya suɓuce, cincin ya watsu har ƙarƙashin kujeru. Mata suka ɗauki guɗa. Ita da ta tashi tsofaffi uku daga barci, yau sai ta bar wa wasu guɗar, ta tsuguna tana tsintar cincin.

Da aka shafa fatiha Zaid ya zo ya durƙusa daga nesa kaɗan. "Mama, ai tun a hospital da shi na yi masa huɗuba. Alhaji ne da kansa ya ce a sa. Ya ce takwarorinsa huɗu a Kano, in an kira ɗaya duk sai su waiwayo. Jiya maganar rago muke."

"Tun a asibiti?" Ta juya ga Nadia. "Ke kin sani?"

"Na sani, Mma. Amma lecture ɗin ya yi daɗi, ko supervisor ɗina bai kai ki ba."

"Ja'ira! Kwana huɗu ina wahalar da sarkin mutane a kabarinsa!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, ita ma tana yi, hawaye na zuba. Sai Nadia ta miƙo mata jaririn, ta ce ta kira shi a ji. Mma Asmawu ta karɓe shi, ta gyara masa hula. Sunan nan da ta yi shekara ashirin da biyu tana son ji, ba za ta iya faɗinsa ba, don 'ya ba ta kiran sunan ubanta. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Baba," ta ce, "sannu da hanya. Ka ga ban samu zuwa ba, shi ne kai ka zo."