Ƙulli a Tayar Baya

Ni dai ban iya ɓuya ba. Tun muna yara ni ake fara kamawa a wasan ɓuya, da girma ya zo ma ba ta sake zani ba: ko gari ba mu gama fita ba Yaya ya gane motata. Ya bar ayarin masu keke suka wuce, ya sauke ƙafa ɗaya a bakin wani gidan mai yana jirana. Na shiga layi kamar mai zan sha. Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Auta, ina zuwa da sassafe haka?"

Na ba hamsin baya, furfura ta cinye gemuna, amma a bakin Yaya har gobe Auta nake.

"Iska na fito sha."

"Da kula da kujerar roba a bayan mota? Ita ta turo ka ko?"

Ita ɗin 'yarsa ce ta fari, ma'aikaciyar jinya, wadda duk gida muke kira Nas, muke kuma shakkarta fiye da yadda muka yi shakkar mahaifinmu. Shekara biyu da suka wuce Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kayan gini, tsakanin buhunan siminti da gwangwanayen fenti. Likita ya ce sukari ne da hawan jini, ya ce sai ya riƙa motsa jiki. A lokacin tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Mun ɗauka zai riƙa zaga unguwa da yamma, hannu a baya, kamar sauran dattawan kirki. Sai ya sayo keke. Daga zaga unguwa ya koma zaga gari, daga nan ya faɗa wata ƙungiya ta masu doguwar tafiya, tumbin ya zube, ya fara sa wani matsattsen wando da matarsa ta hana a shanya a inda baƙi za su gani.

Tafiyar ranar kilomita ɗari biyu ce, a tashi da asuba, a iso kafin bakwai da rabi na yamma. Ba tsere ba ne. Babu na ɗaya, babu na biyu, babu kofi. Na taɓa tambayarsa, "To me ake ci?" Ya ce, "Ayaba."

A can bayan ayarin akwai wata farar bas da suke kira Tsintsiya, aikinta share duk wanda ya gaza, shi da kekensa. A kan wannan bas Nas ta kafa sharaɗinta, a gaban kowa, a falon Yaya: in Tsintsiya ta kwaso shi, ko aka rufe bai iso ba, keken ya koma gidanta ta sa masa kwaɗo, magana ta ƙare. Yaya ya ce ya yarda. Shi kuwa in ya ce ya yarda, ko kansa zai cuta ba ya janyewa.

"To saurara," ya ce da ni a gidan man. "Dokar tafiyar nan, ba a karɓar ko kurɓin ruwa daga motar gida. Abokin tafiya zai taimake ka, in ka ga shago ka tsaya ka saya, amma ban da motar da ta biyo ka. In za ka bi, bi daga nesa. Kuma kar ka yi min hon."

Ya taka feda ya tafi.

Na bi daga nesa, ina kallon bayansa. Ban taɓa kallon yayana yana wani abu na tsawon lokaci haka ba. Samari suka fizga da safe kamar an biyo su da bulala, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ƙafafunsa na juyawa a hankali, bai ƙara ba bai rage ba, kamar keken ɗinki a hannun tsohon tela. Can ya miƙa hannu aljihun baya ya ciro wani abu ya tauna, can ya kurɓi ruwa, ba tare da ya tsaya ba. Kafin rana ta take ya fara wuce wasu daga cikin samarin nan, suna zaune a inuwar kanti suna kallon gwiwoyinsu kamar yau suka fara haɗuwa.

Wata al'ada tasu ta burge ni. Duk wanda aka gani tsaye a gefen titi, mai wucewa sai ya rage gudu ya tambaya, "Lafiya? Kana da komai?" Ko mutum fitsari ya tsaya sai ya amsa gaisuwa ta kai goma. A haka na ga Yaya ya tsaya wajen wani dogon saurayi mai jar hular kwano da tayarsa ta yi faci. Ya zaro robar cikin taya da ya ajiye don kansa, ita kaɗai gare shi, ya miƙa masa, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce.

Nas kuwa wayarta ba ta huta ba.

"Baffa, yana haki?"

"Ban ji ba."

"Leɓensa fa, ya bushe? Ya yi fari?"

"'Yata, daga nan ƙeyarsa kawai nake gani. Ƙeyar dai lafiyarta ƙalau."

"Baffa, ba wasa na tura ka ba."

Tun da Yaya ba zai taɓa abin da ke cikin kular ba, na ga bai kamata a yi asara ba. Kafin la'asar na gama da soyayyar kaza, da burodi, da lemon kwalba uku. Bin mai keke da mota aiki ne mai sa yunwa.

Rana ta fara karkata, saura kamar kilomita arba'in, a gindin wani dogon tudu da babu gida babu shago, na ga ya sauka. Ya kifa keken, ƙafafu sama. Na manta da maganar nesa, na matso na yi fakin.

Tayar baya ce. Wata guntuwar waya ta shige ta. Ya riga ya zare robar, ya gano hujin, ya buɗe ɗan akwatin facinsa. Ya matsa sholisho, gam ɗin liƙa faci, babu abin da ya fito. Ya sake matsawa da haƙori. Ya bushe ƙayau, tun ranar da ya fara buɗe shi watanni baya. Mai shagon da ke gargaɗin kowa a rufe murfin gam da kyau, ga nasa.

Ya daɗe yana kallon abin. Gishirin gumi ya yi masa fari a gefen fuska. Sai a nan na tuna ya haura sittin. Masu keke biyu suka wuce, suka tambaya, amma ɗaya ya riga ya yi amfani da tasa robar, ɗayan tayarsa ba girmansu ɗaya ba.

"Yaya," na ce, "akwai sabuwa a mota. Nas ta sa na saya, har biyu."

"Allah ya yi mata albarka."

"Babu kowa a nan. Daga ni sai kai sai shanun can."

"To ai ka lissafa da ni."

Na koma mota, na ɗauko robar a kwalinta, na zaga ta bayan wani dutse na ajiye ta a cikin ciyawa, na dawo ina kakkaɓe hannu.

"Ikon Allah! Yaya, dubi abin da wani ya yar."

Ya leƙa. Ya dube ni. "Har da rasit a jiki. Allah ya haɗa shi da kayansa."

Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan taurin kai ne, ba jarumta ba. Na ce ba kofi, ba kyauta, ba wanda zai sani, kuma keken da yake so ɗin ne zai rasa saboda robar da ba ta kai kuɗin shayi ba.

"Auta, ai da ana ba da kofi da na karɓa," ya ce. "Sai in cuci mai kofin. To nan wa zan cuta?" Ya goge fuska da gefen riga. "Shekara ɗaya bayan na faɗi, kowa riƙe ni yake. In zan tashi a riƙe ni, in zan sha ruwa a miƙo min. A kan wannan abin ne kawai ba mai riƙe ni. Ba ni wuri."

Ya ciro 'yar wuƙa, ya yanke robar daidai kan hujin. Na ce shi ke nan, ya haukace. Ya kama bakin nan biyu ya ƙulle su tamau, ya ja da haƙori har jijiyar wuyansa ta tashi. Robar ta gajarce, da ƙyar ya ja ta ta zagaye ƙarfen tayar, sau biyu tana kuɓucewa tana marin yatsunsa. Ya mayar da taya, ya kama famfo. Iska ta zauna. Ba sosai ba, amma ta zauna.

Yana mayar da tayar sai ga Tsintsiya ta ɓullo daga kwana, a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Mutum uku a ciki, kowa ya jingina kai da taga. Direban, wani siririn dattijo mai tabarau, ya leƙo.

"Akwai wuri, Mai Siminti. Har da matashi."

"Ajiye wa wani."

Direban ya dubi tayar, ya dubi motata, ya dube ni. "Kai ne tun safe a bayansa? Ka ba shi wani abu?"

"Shawara kawai."

"Ya karɓa?"

"A'a."

"To da sauƙi. Amma in na sake ganin motar nan a bayansa, dole in faɗa, tafiyarsa ba za ta shiga lissafi ba. Ka wuce can wurin sauka ka jira, kamar sauran dangi."

Yaya ya hau. Duk juyin da tayar ta yi sai ƙullin ya bugi kwalta, dum, dum, dum, keken na ɗan tsalle, shi ma yana tsalle a kan sirdi. A haka ya kama tudun, bai waiwayo ba. Na wuce shi a tsakiyar hawan. Ban yi hon ba. Na daɗe ina ganinsa a madubi yana ƙanƙancewa.

Waya ta yi ƙara.

"Baffa, ya ake ciki?"

Da na ce taya ta yi faci, ga gajiya, ga tudu, na san ko minti biyar ba za a yi ba za ta nemo lambar direban Tsintsiya.

"Yana tafiya," na ce. Wannan dai gaskiya ce.

Wurin saukar harabar wata makaranta ce: tebur ɗaya, butar shayi, da wata mata mai buga hatimi a katin duk wanda ya iso. Ba kiɗa, ba tafi. Mutum ya shigo, a ce masa sannu, ya nemi bango ya jingina. Nas ta iso kai tsaye daga aiki, da fararen kayanta da jakarta. Da ta gan ni babu ubanta, kallon da ta yi min ya ishe ni bayani.

Rana ta faɗi. Masu isowa suka fara kunna fitila. Bakwai ta wuce. Matar nan ta fara tattara kofuna. Nas ta daina yi min faɗa, abin da ya fi faɗan tayar min da hankali. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, bakinta na motsi. A nan na gane ba keken take so ta ƙwace ba, ita ma so take ya iso.

Kunne ya riga ido. Dum, dum, dum, daga can ƙarshen layi. Sai fitilu huɗu a jere, ɗaya a bayan ɗaya. A gaba dogon saurayin nan ne mai jar hular kwano, ya sunkuya yana tare musu iska, sai wata mata, sai wani mai ƙiba, sai Yaya a ƙarshe yana tsalle a kan sirdi. Ashe a saman tudun ya tarar da su sun gaji, suka haɗu suna karɓa-karɓar gaba, shi ma yana shiga gaba in lokacinsa ya yi.

Matar ta dubi agogo, ta buga hatimi. "Sannu, Mai Siminti. Shayi ya huce."

Shi ke nan bikin. Ya sauko da ƙyar, ƙafafu a buɗe kamar mai tsallake kwata. A karon farko ranar nan ya karɓi wani abu daga hannuna: kujerar roba.

"Baba, ka iso," in ji Nas, ta dafa kafaɗarsa. Sai ta tuna ko ita wace ce, ta zuge jaka ta ciro na'urar awon jini. "Miƙo hannu."

"Wannan ba ya cikin sharaɗi."

"Yanzu ya shiga."

Ya gama shayinsa, ya miƙa. Na'urar ta kumbura, ta saki, ta nuna lamba. Nas ta duba, ta ɓata fuska, ta sake aunawa. Lamba ta sake fitowa kamar ta ɗan makaranta.

"Ba zai yiwu ba. Batirin ne ya yi sanyi." Ta waiwaya tana neman wanda za ta gwada na'urar a kansa, mutum mai lafiya wanda ya wuni a zaune cikin sanyin mota. "Baffa, kawo hannunka in gani."

Na nannaɗe hannun riga ina murmushi, ina ba Yaya labarin yadda na rufa masa asiri a waya. Na'urar ta kumbura. Ta ƙara kumbura. Nas ta dubi lambar, ta dube ni, ta ce in ba ta makullin mota, kuma kar in tashi da sauri.

Yaya ya ci gaba da riƙe kekensa. Ni aka ba gado a asibiti, kwana biyu.