Albarkar da Doña Ercilia Ta Riƙe

Doña Ercilia tana dama ruwan mazarƙwaila a kan murhu sa'ad da shugaban ƙasa ya shigo rediyo da sabon shirinsa. Shiri ne mai hannu biyu, in ji shi. Hannu ɗaya zai share wa talaka hawaye a gida, ɗayan kuma zai tare fitinun duniya tun kafin su iso. Tsohuwar ta ƙara murya don ta ji inda zai ambaci takin zamani. Ya ambata kuwa, can wajen ƙarshe, ya ce yana tafe. A duwatsun Boyacá, inda ƙauyensu yake, an daɗe da sanin irin wannan tafiya, wadda ake ta jin motsinta ba a ganin mai ita.

Ɗanta Nicanor yana zaune a kan benci yana cin wainar masara. Tsohon sajen soja ne, ya yi ƙuruciyarsa kaf a daji da bindiga, ya dawo da niyyar ya tsufa a gonar dankalin ubansa. Sai wani yaƙi ya tashi a can ƙetaren teku, taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, dankali kuma ya faɗi warwas a kasuwa. Bara a bakin titi suka jibge buhuna suna ɗaga wa motoci hannu. Ga mata, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta.

A wannan safiyar ya gaya wa uwarsa. Wani kamfani yana ɗibar tsofaffin sojoji zuwa ƙasar waje, ya ba da sunansa, an karɓe shi. Gadi ne kawai, in ji shi. Ta tambaye shi gadin me, ya ce ba su faɗa ba tukuna. Ta tambayi sunan ƙasar, ya faɗa, bakinsa yana tuntuɓe a kansa.

"Wato yaƙin da ya hana mu taki shi zai ba ka albashi," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ai ke ma kin ji mutumin. Hannu biyu ne. Na gida bai iso ba, zan bi ɗayan."

"Shi ya aike ka?"

"Yunwa ta aike ni, Mama."

Ya tashi zai tafi gona, ya tsaya a gabanta ya sunkuyar da kai kamar kullum. "Albarka, Mama." Tun yana ɗan tatsitsi bai taɓa ƙetare ƙofar nan ba sai ta zana masa gicciye a goshi da babban yatsanta. Yana soja ma ta waya yake nema, ita kuma ta zana a iska. Sau biyu harsashi ya kuskure shi, kuma ko a gaban limamin coci zai rantse cewa yatsan nan ne ya kauda shi. Ran nan Doña Ercilia ta mayar da hannunta cikin bargon ulunta, ta juya ga tukunya.

Ita ma ta yi nata shirin ke nan, kuma a ganinta ya fi na shugaban ƙasa tsari. Ta san ɗanta. Mutumin da ba ya iya zuwa sayen gishiri ba albarka, ina zai iya ƙetare teku? In ta riƙe hannunta, ta riƙe shi. Ba ta ƙi shi ba, tsoro take ji, irin tsoron da ke hana mutum gama ƙoƙon shayinsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Kowace safiya ya sunkuya, kowace safiya ta juya baya. Surukarta Yolima ta same ta a wajen wanki ta roƙe ta, ta ce mutumin nan ya daina cin abinci sosai, yana fita gona kamar marar lafiya. Doña Ercilia ta ce gara ya rame a gabanta. Ta ce lokacin da yake soja ta sa masa albarka da zuciya ɗaya, don ta san ƙasarsa yake wa aiki, kuma uwar wanda yake harbi yarensu ɗaya, har addu'a takan yi mata. Wannan fa, wa ya yi masa laifi a can? Yolima ta ci gaba da matse riga. Can ta ce ita dai ta san abin da ya rage a buhun shinkafa.

Maganar ta zaga ƙauye. A shagon Don Aristóbulo, inda maza ke taruwa su gyara ƙasa da baki, aka yi ta tsokanar Nicanor, wai sajen da ya gagari 'yan tawaye ga shi yatsa ɗaya ya tsare shi. Ya yi dariya tare da su. Doña Ercilia da ta ji labari ta ɗauka alama ce mai kyau.

Ranar tafiya ta zo da hazo. Ta ga jakar a bakin ƙofa, ta ce a ranta barazana ce. Ta bi su har bakin titi, tana tafe a baya, hannuwanta cikin bargo. Nicanor ya rungume 'ya'yansa, ya yi wa Yolima magana a kunne. Da bas ta ɓullo daga kwana, ya zo gaban uwarsa. Wannan karon bai tsaya a sunkuyo ba, ya cire hularsa ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen tsakuwa, mutane suna kallo ta taga.

"Albarka, Mama."

Yatsanta ya motsa a cikin bargo, ta danne shi da ɗaya hannun. Saura ƙiris, in ji zuciyarta. Yanzu zai tashi ya ɗauki jakarsa su koma gida.

"Ka zauna, in ba ka ita kullum har in mutu."

Ya daɗe a durƙushe. Direba ya danna oda. Nicanor ya tashi, ya kaɗe gwiwoyinsa, ya ce, "To, ki ajiye mini." Ya ɗauki jaka ya hau.

Sai da ƙofar ta rufe ta gane ba barazana ba ce. Ta fizgo hannunta, bargon ya sarƙe mata, ta ƙwace da ƙyar. Ta zana gicciye a bayan motar, ta sake zanawa, tana kiran sunansa da muryar da ba ta kai ko'ina ba. Ta hango ƙeyarsa ta gilashin baya, a miƙe. Bai waiwayo ba. Ita ce ta koya masa tun yana yaro cewa mai tafiya ba ya waige, don waige yana jawo tsautsayi.

Yolima ta ce za su kira shi a waya in ya sauka daga duwatsu, in 'yan kamfanin ba su riga sun karɓe wayoyin ba kamar yadda suka ce za su yi. Doña Ercilia kuwa tana tsaye a bakin titi, babban yatsanta a ɗage, tana jiran goshin da za ta ɗora shi.