Tudun da ke Ƙarƙashin Darduma

Su uku ne suka tare a gidan da ke kallon nawa a Harlingen, wani gari a bakin teku: Wiebe direban motar kifi, da 'yarsa Marrit mai shekara tara, wadda nake koyarwa a aji, da mahaifiyarsa Aukje. Tsohuwar ta taɓa faɗuwa a matakala ta karye a ƙugu, shi ya sa suka nemi gida marar bene. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta riga ta faɗa musu: in ta sake faɗuwa, sai gidan tsofaffi.

Ba su rasa komai ba sai daɓen katako. A garin nan, gidan haya siminti tsirara ake ba ka, kai za ka zo da naka. Wiebe ya ɓamɓaro katakon tsohon gidansu, ya shimfiɗa shi a yini ɗaya, a ƙarshen sanyi, lokacin da na'urar ɗumama ɗaki ta busar da komai ƙayau.

Aukje na zaune a kujera tana kallonsa.

"Wiebe, ubanka yakan bar faɗin yatsa tsakanin katako da bango."

"Mama, ramin ɓera kike so in bar miki? Sandarki ta faɗa ciki ki kife?"

"Kai dai ka sani. Direban kifi ya zama kafinta."

Ya yi dariya, ya sa guduma ya matse katakon da bango ta kowane ɓangare, ko allura ba ta shiga.

Da zafi ya shigo, iskar teku ta kawo danshi. Aka fara jin ƙas, ƙas da rana tsaka, alhali ba mai tafiya. Ƙofar banɗaki ta soma jan ƙasa. Daga nan wani wuri ya taso a 'yar hanyar da ke tsakanin ɗakin Aukje da banɗakin. In Marrit ta taka sai ya lotsa, in ta ɗaga ƙafa ya biyo ta. Kowane mako yana ƙara tudu.

Ranar Talata Wiebe ya sayo darduma mai kauri ya rufe wurin, don nas za ta zo ranar Alhamis.

Washegari bayan an tashi makaranta, Marrit ta tsaya a bakin teburina har kowa ya watse.

"Malama, katako yana girma ne bayan an sare shi?"

Na ce mata yana shan danshi ya kumbura, in ya rasa wurin miƙewa sai ya tashi sama. Na tambaye ta abin da ya kawo maganar. Ta gaya mini komai, tana murza igiyar jakarta.

"In nas ta gani za ta ce gidan ba lafiya, ta tafi da Kaka. In ba ta gani ba..."

Na raka ta gida. Mun shiga ke nan Aukje ta fito daga ɗakinta tana tura keken da take dogarawa.

"Ƙawata, yau har da malama kika kwaso? Me kika fasa?"

Ba ta rufe baki ba tayar gaba ta hau tudun. Keken ya karkata. Na ga hannunta ya saki, ya tafi neman bango. Marrit ta ruga ta tokare ta da kafaɗa, ni kuma na riƙo ta ta baya. Muka tsayar da ita daidai, ta sake kama keken.

Wiebe ya fito daga kicin da cokali a hannu. Marrit ta sunkuya ta janye dardumar gaba ɗaya. Tudun ya kai tsawon yatsu uku, haɗin katakon ya dare, bakinsa ya miƙe kamar wuƙa.

"Baba, ba ya kwantawa. Kullum ina hawa kai in tsaya, ba ya kwantawa."

Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya dafa wurin.

"Don kar ki faɗi na matse shi, Mama."

"Na sani, ɗan nan. Tashi ka ɗauko zarto."

Ya cire siririn katakon da ke bin gindin bango, ya yanke faɗin yatsa daga katakon daɓen a kowane gefe. Daɓen ya yi wata ƙara, ya ɗan sauka, amma bai koma daidai ba. Katako huɗu sun riga sun lalace.

Haka nas ta same su ranar Alhamis: hanya a buɗe, siminti a fili, an mayar da gadon Aukje falo, an ajiye mata kujerar bahaya a kusa. Wiebe ya faɗa mata abin da ya faru, har da dardumar. Ta yi ta rubutu ba ta ɗaga kai ba. A ƙarshe ta ce za ta dawo nan da mako biyu ta taka wurin da ƙafarta, kafin nan Aukje za ta ci gaba da zama a gida.

Da ta tafi, Wiebe ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya rufe fuska da hannu. Marrit ta zauna kusa da shi. A nan ta gane cewa ba taurin kai ne ya sa babanta ya rufe tudun ba. Tsoro yake ji, irin wanda take ji.