Doron Lawwali

"Ku sauko da shi!"

Maharazu ne, wan maƙwabcina Lawwali, ya sha gaban motar. Mun riga mun kwantar da Lawwali bisa buhunan albasa, matarsa Hindatu na tallafe da kansa.

Da doro aka haifi Lawwali. Bai hana shi dukanci ba, sai a shekarar da Turawa suka miƙa mulki wani ciwo ya fara tsarga masa daga ƙugu har tafin ƙafa. Katanga ɗaya ta raba mu, ina jin sa yana cizon tabarma. Likitan da ya zo rangadi ya ce ƙashi ne ya danne jijiya, a kai shi Sakkwato a yi masa aiki.

"Ba shi zuwa ko'ina," in ji Maharazu. "Yanke doron nan za su yi."

"Jijiya za a sassauta, Yaya," in ji Hindatu. "Wa ya ce doro?"

"Mi kika sani, ke?"

Kowa a unguwar ya san dalili. Maharazu bai taɓa ƙetarawa Ƙonni da kaya ba sai ya shafa doron ƙanensa. Wai nan sa'arsa take.

Lawwali ya ɗaga kai da ƙyar. "Yaya, bayan ga nawa na. Ni ka kwana da shi."

Amma motar ta Maharazu ce. Direba ya kashe ta.

Na je wurin mai unguwa, ya ce sha'anin zumunci ne. Na nemi wata mota, kowa na jin nauyin Maharazu. Kafin a samu mai yarda, ƙafafun Lawwali sun mutu, kwanciya ta huda masa kwankwaso, zazzaɓi ya shiga. Ranar kasuwar Illela, da hantsi, ya cika.

Muna shirin wanka Maharazu ya shigo yana sharɓar kuka, ya miƙa hannu wajen bayan mamacin. Na riƙe wuyan hannun har sai da ya yi ƙara.

"Wallahi ka taɓa shi sai na karya hannun nan," na ce.

Daga bayan ƙyaure Hindatu ta ce, "Karya shi, Malam."

Liman ne ya raba mu.

Bayan sadakar uku Hindatu ta roƙe ni in fitar da kayan ɗakin. Da na naɗe tabarmar, sai ga wani ɗan rami a daɓen, daidai faɗin ƙwarya, wanda Lawwali ya haƙa don bayansa ya samu wurin zama. Gefensa ya yi sumul.