Ƙirjina a Bangon Fada

Duk wanda ya shiga zauren fadar birnin Shiraz ya ga babban hoton sarki, to ni ya gani. Kan ne kawai ba nawa ba.

Ni ne Shahabaz ɗan kokawa, wanda bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba. Tsohon sarkinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ba mai zane, Usta Yadullahi, lokacin shan lofe guda ya ɗauki fuskarsa, ya ce sauran jikin a nemo wanda zai cika rigar. Aka zaga gari kaf, sai ni.

Bazara guda na yi a tsaye cikin alkyabbar zinariya mai nauyin ɗan maraƙi, hannu a kan takobi, ɗakin sai ƙamshin man fenti da kankana.

"Kai bijimi, daina numfashi!" in ji Usta.

"Baba Usta, in na daina wa zai riƙe maka sarautar?"

Sai ya jefe ni da ɓawon rumman. Wayyo, zamani!

Da aka ci garin da yaƙi, sabon sarki ya ce a ƙone hotuna, a ƙwaƙule idon duk wanda ya taɓa sa tufafin tsohon. Aka kai ni gabansa a ɗaure, ga hoton jingine da bango, ga Usta a gefe. Sarkin kuwa siriri ne, wuya kamar na zakara.

"Kai ne ka sa rigar maƙiyina?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ai shi bai cika ta ba."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Mai ƙwaƙule ido ya matso da ƙarfen wuta, har ina jin zafinsa a kumatuna. Sarki ya dubi hoton, ya dube ni, ya shafa 'yar kafaɗarsa.

"Usta, kan nan yana ciruwa?"

"Yana ciruwa, ranka ya daɗe."

"To cire, ka sa nawa. Ku kwance ƙaton nan ku ba shi shinkafa da nama, kada ya rame kafin a daidaita wuyan."

Usta ya yi hawaye ranar da ya shafe fuskar tsohon, ni na riƙe masa kwanon fentin. Yau sarakunan duka suna cikin ƙasa, Usta ma haka. Ni kuwa da idanuna biyu nake zuwa ranar sallah, ina dogara sanda, in tsaya gaban hoton har mai gadi ya gaji ya kore ni.