Huɗu Zuwa Shida

"Ka ji ko? Tsaya, ga shi nan kuma!"

Injiniya ta kara wayarta a jikin lasifika don mai sayar da kayan kwamfuta ya ji da kunnensa. Sojan da ke cikin wasan kwamfutarta yana tsakar gudu sai ya daskare, ƙarar bindigarsa ta kama in'ina, sannan komai ya ci gaba kamar ba a yi ba.

"'Yar'uwa, kayana sababbi ne fil a kwali," in ji shi. "Ki dai duba haɗin da kika yi."

"Haɗina? Ni za ka koya wa ɗaure sukurori?"

Ta katse kiran tana tsaki. Gyaran waya ne sana'arta, 'yan layinsu suka laƙaba mata Injiniya, rabi yabo rabi tsokana. Kwamfutar nan da hannunta ta haɗa ta, kwana tara ke nan. Ranar Asabar ƙungiyarsu ta mutum biyar za ta shiga gasar wasa ta intanet, kuma kyaftin ɗinsu ya faɗa mata ba kwana-kwana: in ta sake daskarewa a tsakiyar fili har aka cinye su, akwai mai jiran gurbinta. Shekara uku tana neman wannan gurbi.

Babu abin da ba ta yi ba. Ta zare ram, ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta goge ta mayar. Ta sauke sabuwar manhajar katin hoto ta ɗora tsohuwa. Ta auna zafi, lafiya lau. Ta zargi mai kaya da cusa mata gwanjo, ta zargi kamfanin intanet, har kyaftin ɗin ma sai da ta zarga, ta ce ƙila so yake ya saka abokinsa. Ran Litinin ta kinkimi kwamfutar zuwa shagonta, awa uku tana wasa, ko gezau. Tana dawo da ita gida in'inar ta dawo.

To, ashe gidan ne.

Ta zauna da agogo a hannu. Duk daƙiƙa takwas, babu ƙari babu ragi, sai sautin ya sarƙe, fitilar teburinta ma ta ɗan lumshe. Ta kashe fanka, ta cire firji, tana nan. Sai ta manna kunnenta a bango. Daga can ɓangaren wani abu yana ta gurnani ƙasa-ƙasa, ya yi buf, ya saki tsss, ya sake.

Ɗakin Baba Tela ne. Tsohon gini ne, wayar wuta ɗaya ce ta ratsa ɗakunansu biyu. Tsohon ya ajiye ɗinki tun da idonsa ya raunana, aikinsa zama a benci bakin ƙofa, in ta dawo ya ce, "Injiniya, yau mutum nawa kika kashe?" Amma sati uku ke nan benci babu kowa. Labulensa a sake dare da rana. 'Yarsa Auta, mai aiki a wani kanti, sai dai a ga ta shige da kwali rungume a ƙirji, gaisuwar ma a tsaitsaye, ido a ƙasa.

Injiniya ta haɗa wannan da wancan, ta gyaɗa kai. Lallai ma! Babban keken surfani suka shigo da shi a ɓoye, suna karɓar aiki, ba sa so mai gida ya sani. Shi ne ake ta wannan nuƙu-nuƙu, ita kuma ana janye mata wuta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana ganin girman tsohon nan.

Ran Talata ta jira Auta ta fita aiki, ta je ta ƙwanƙwasa. Aka daɗe.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba."

"Injiniya." Ya ja numfashi, sannan ya ƙarasa. "Yau mutum nawa?"

Bai buɗe ba. Maganarsa guntu-guntu take fita, ita kuwa ta ɗauka irin ta wanda aka rutsa ne. Ta jikin ƙofa gurnanin ya fi fitowa sarai.

"Baba, ba faɗa ya kawo ni ba. Na san akwai inji a ɗakin nan, ina jin sa. Shi yake hana kwamfutata aiki, kuma in na faɗi ran Asabar korata za su yi."

"Kora?"

"Wallahi. Ni ban ce ku daina sana'arku ba. Ku kashe shi huɗu zuwa shida kawai, lokacin wasanmu, daga gobe zuwa Asabar. In ba haka ba, ka yi haƙuri, sai dai mai gida ya raba mu."

Injin ya yi buf, ya yi tsss, har sau uku.

"Shi ke nan, 'yata. Huɗu zuwa shida. Je ki kashe su da kyau."

Ta koma tana murmushi, tana cewa a ranta, ka ga ko musu bai yi ba.

Ran Laraba ƙarfe huɗu daidai bangon ya yi tsit. Wasan ya tafi sumul, tana jin takun abokin gaba tun daga bayan gini. Shida na bugawa gurnanin ya dawo. Haka Alhamis, haka Juma'a. Ta kira mai kaya ta ba shi haƙuri, ta ba shi labarin keken ɓoye suka yi ta dariya.

Ran Asabar suka cinye zagaye uku a jere. Kyaftin yana ihu a kunnenta, "Gurbin naki ne! Naki ne!" Ta zare abin kunne, ta miƙe, ta yi rawa ita kaɗai a tsakar ɗaki. Ta sha ruwa. Ta ce bari ta leƙa ta gaya wa tsohon yau mutum goma sha tara ta kashe. Sai idonta ya kai kan agogo: shida da minti ashirin. Bangon shiru.

Tana nan tsaye ta ji takun Auta a baranda, ta ji makulli ya juya. Sai Auta ta ƙwalla ƙara.

Da gudu ta shiga, ba takalmi. Babu keke a ɗakin, babu zare, babu yadi. Wani farin akwati ne a gefen gado, bai wuce gwiwa ba, siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya tafi har hancin Baba Tela. Ya rame har ba ta so ta gane shi ba.

"Huhunsa ne," Auta take faɗa cikin kuka, tana jijjiga kafaɗarsa. "Likita ya ce kada a kashe na'urar numfashin nan ko na minti goma. Baba ne ya hana ni gaya wa kowa, wai ba ya son a riƙa kallonsa da tausayi. Yaya, a kashe na same ta! Wuta ce ta ɗauke? Ta ɗauke a wajenki?"

"Ba ta ɗauke ba."

"To wa ya kashe?"

Injiniya ta matsa kusa da gadon. Ta durƙusa a gaban akwatin. A gefensa na wajen gado, inda mai kwance kaɗai zai gani, an rubuta lamba biyu da shuɗin allin tela, huɗu da shida, an ja layi a ƙarƙashi.

"Ni ce," ta ce. "Auta, ni ce na roƙe shi."

Auta ba ta ji ba, ta kifa fuskarta a ƙirjin mahaifinta. Hannunsa na dama ya zubo daga bakin gado, ya miƙa wajen makunnin, saura kamar taƙi ɗaya ya kai. Akwai sauran shuɗin alli a kan yatsunsa.